Sabon Malami, Ɗalibi Babu, Malamai Dubu

A ce yau wani yaro ɗan Kwalkwalawa ya dawo gida da takardar shaidar koyar da tuƙin jirgin sama mai saukar ungulu. Wannan ba abin mamaki ba ne. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya tana nan tun 1964, sojojin sama kuma suna da makarantar masu saukar ungulu a Enugu. Abin da zai ɗaure wa yaron kai shi ne, kafin ya ajiye jakarsa, duk unguwa ta riga shi sanin aikin.

Na farkon zuwa kawunsa ne, wanda ya tsufa yana kabu-kabu tsakanin gadar Rima da Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Zai zauna kan tabarma ya ce, "Wanga abu, ɗana, tuƙi duk ɗaya na. Wanda ya riƙe kan mashin cikin rairayi ba ya jin tsoron sama." Yaro zai sunkuyar da kai ya yi bayani cikin ladabi: hannun hagu na kan sandar da ke ɗaga jirgi ko sauke shi, na dama na kan wadda ke karkata shi gaba ko gefe, ƙafafu biyu kuma suna sarrafa ƙaramar fankar wutsiya, wadda in babu ita jirgin zai yi ta juyi a wuri ɗaya. Kawu zai saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya, "To ina birki?" In aka ce masa a sama ba a taka birki, sai ya gyaɗa kai: ai shi ma mashin ɗinsa ya daɗe ba birki, kuma lahiya lau.

Da yamma sai majalisar mai shayi ta karɓi ragamar. A nan akwai wanda ya taɓa ganin jirgin ɗan siyasa ya sauka a filin ƙwallo lokacin kamfe, ƙura ta cika masa ido, tun daga ranar ya zama masani. Shi ne zai tambayi abin da ya fi wuya a koyarwar. Yaro zai ce tsayawa cak a iska, ɗan tazara kaɗan daga ƙasa, ba gaba ba baya; ɗalibi kan yi awoyi yana gumi kafin jirgi ya daina lilo a hannunsa. Majalisa za ta fashe da dariya. A biya mutum kuɗi don ya koya wa wani tsayawa wuri ɗaya? Su da suke yin hakan a kan bencin nan tun daga la'asar har isha'i, ko sisi ba a taɓa ba su ba.

Babban kuskuren yaron shi ne ya faɗi cewa a Amurka ma matuƙi kan fara koyarwa da awa kusan 200 a sama, yana koyarwa yana tara wasu. Nan take wani zai zaro waya ya buga lissafi: kwana takwas da 'yan awoyi ke nan. "Kwana takwas! Yaron bakanike sai ya shekara yana wanke sifana kafin a ba shi ya taɓa inji." Wani kuma zai tuna masa cewa a 2007 wani ɗalibi a Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ƙera nasa jirgin da injin mota. Kai kuma koyarwa kaɗai?

Sai buƙatu su biyo baya. Gwaggo tana da biki a Wurno. Alhaji yana so a ɗan zagaya fadamarsa a kori jan-baki daga shinkafa. Mai albasa yana tambayar buhu nawa ke shiga. Da suka ji cewa jirgin koyo irin Robinson R22 kujera biyu gare shi, sai aka fara tausaya wa yaron, domin a nan mashin ɗaya na ɗaukar mutum huɗu da akuya. Akwai kuma tsohon da ba ya yafiya: "Ina kake a 2010, da ruwan Rima ya cinye gada, mutane na tsallaka da kwale-kwale?" Yaron yana firamare a lokacin, amma wannan ba uzuri ba ne.

Inda aikin zai tsaya masa a wuya shi ne dokar miƙa jirgi. A cikin jirgin koyo, malami da ɗalibi kowa yana da sandunan tuƙi a gabansa, saboda haka ba a karɓa sai an faɗa da baki: malami ya ce jirgi na hannunka, ɗalibi ya amsa cewa yana hannunsa, malami ya sake tabbatarwa. Tuƙi na mutum ɗaya ne a kowane lokaci. Mu kuwa, shiga motar haya daga Sakkwato zuwa Illela ka gani. Direba ɗaya ne ke riƙe da sitiyari, amma tuƙin na mutum bakwai ne: na gaba yana cewa shige shi, na baya yana cewa taka birki, tsohuwa tana salati, wani yana rantsuwa cewa da shi ne da tuni an isa.

To ka ɗora wannan hali a kan ɗalibi mai kuɗi, wanda a haife ya haifi malamin. Jirgi ya fara karkata wajen gulbi, yaro ya ce, "Alhaji, jirgi na hannuna." Alhaji zai juyo ya dube shi sama da ƙasa. "Ni za ka karɓe wa? Da kuɗin wa aka zuba mai?" Kafin yaro ya gama zaɓen kalmar da ba za ta zama rashin kunya ba, masunta sun fara tattara komarsu.

Bayan mako guda, ɗalibi na gaske zai bayyana. Zai zo bayan magariba, ya ja malamin gefe, ya rage murya. Shi fa ba ya son hawa, yana da hawan jini, kuma kasuwa ba ta barin shi. Takardar kaɗai yake so, ya rataye a falo. Nawa ne, in an yi ragi na gida?