Ranar da Na Kulle Gida a Jamus

Na shiga ajin koyon kula da sabar ina hura hanci, domin a unguwarmu ni ake kawo wa waya idan WhatsApp ya ƙi buɗewa. Malam ya ce wasu uwar garke suke ce mata, tunda ita ke shayar da sauran kwamfutoci. Tamu hayarta aka kama a Jamus, Ubuntu ne a kanta. Babu linzami, babu hoto, sai baƙin allo da wani ɗan layi yana ƙifta mini ido.

Aka ce in sa kalmar sirri. Na buga, ban ga komai ba. Na sake bugawa, na kifa kibod na kakkaɓe, har hura shi na yi kamar mai tada garwashi.

"Malam, nawa ya mutu."

Ya ce lafiyarsa lau, haka Linux yake, ko ɗigo ba ya nunawa, kada na kusa da kai ya ƙirga haruffan.

Sai aka koya mana sudo, kalmar da in ka sa ta a gaba na'ura ba ta yi maka musu. Ni da ko autanmu ba ya jin aikena, nan take na kamu da sonta.

Malam ya bayyana cewa sabar ƙofofi gare ta masu lamba: 80 ta masu ziyartar shafi, 22 ta SSH, wadda mai gida ke shiga ta cikinta. Ya ce mu dakata ya yi La'asar. Ina! Na buga sudo ufw enable don tada katangar tsaro. Na'urar ta yi mini wani gargaɗi da Turanci, na danna y ban karanta ba, na fita ina taƙama.

Da na zo komawa, shiru. Na yi sallama sau biyar, ba a amsa ba.

"Ka buɗe 22 kafin ka tada katangar?" in ji Malam.

"Wace 22, Malam?"

Aji ya kece da dariya. Na zagaye gida da katanga ban bar ƙofa ba, gidan kuma yana Jamus. Har na fara tunanin kuɗin biza. Malam ya haura ta tagar da kamfanin hayar ya tanada, ya buga sudo ufw allow 22, ko minti ɗaya bai yi ba.

Mun gama kwas tuni, amma har yau 'yan ajinmu Ashirin da Biyu suke kirana.