Ƙofar Da Ba Ta Rufuwa Bayan La'asar

Tun ina yaro a Kano ake ce mini injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba ni sunan ba. Rediyon mahaifinmu na kwance na sake ɗaurawa, noti uku suka rage a hannuna, amma ya ci gaba da magana. Da wannan shaidar na zo Amurka, da ita kuma na tunkari ƙofar garejin gidanmu a Hustan ta jihar Teksas.

A nan ba a tura ƙofar gareji da hannu. Inji ne maƙale a silin, ka danna rimot ya ja ta sama, ka sake dannawa ya sauke ta. A ƙasa kuma, dama da hagu, akwai wasu 'yan na'urori biyu da suka ɗan fi kwalin ashana girma, suna kallon juna. Su ne idanun ƙofa. Ɗaya yana aika wani haske da idon mutum ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, ɗayan yana karɓa. Idan wani abu ya gifta ya yanke hasken yayin da ƙofa ke sauka, sai ta fasa ta koma sama. Ba kwalliya ba ce. Ƙofofin nan sun sha danne yara har lahira, shi ya sa majalisar Amurka ta yi doka a 1990, kuma duk injin da aka ƙera daga 1 ga Janairun 1993 dole ya zo da irin wannan kariya.

Duk wannan daga baya na sani. Abin da na sani a ranar shi ne na jawo kwandon shara da sauri, tayarsa ta kwashe idon hagu, ƙofa ta ce atafau ba za ta rufu ba. Na buga wa mai gyara waya, ya ce kuɗin zuwansa kawai dala 120, kafin ya taɓa komai. Na juya kuɗin zuwa naira a zuciyata, sai na ji jiri. Na tafi kanti na sayo sababbin idanu biyu a kan dala 35, ina tafe ina yi wa Bature dariya.

"Baban Ummi, ga takardar bayanin," in ji uwargida.

Na ce, "Ajiye ta, 'yan koyo ake rubuta wa."

Na yi dabara na ɗaura idanun daidai gwiwata, don kada kwandon shara ya sake kai musu. Ina cikin yaba kaina, sai ta buɗe takardar 'yan koyon ta karanto mini cewa kada su wuce inci 6 daga ƙasa, wato kusan santimita 15, domin yaro mai rarrafe kada ya bi ta ƙarƙashin hasken. Na ce dama gwaji nake yi. Na kwance na sauke su.

Sai wayoyi. Kowane ido yana da waya biyu, fara da kuma fara mai baƙin zane. Ni da na saba da gyaran janareta a duhu, ban tsaya duba launi ba, na cusa su yadda hannu ya kai. Babu fitilar da ta kama a jikin idanun. Na gyara, na bi wayar da ƙananan ƙusoshi ina manna ta a bango, ashe ɗaya ta huda wayar. Na koma kanti.

Duk abin nan Hajiya mahaifiyata, wadda ta zo mana daga Kano ganin jika, tana zaune a kujera bakin gareji da carbinta. Can ta ce, "Wai har yanzu? Da a gida ne da tuni mai walda ya sa mata sakata an huta."

Saitin ido shi ne babban aiki. Fitilar mai aikawa ruwan ɗorawa ce, ita ba ruwanta. Ta mai karɓa koriya ce, ba ta tsayawa sai idanun sun dubi juna sak. Na kwanta rub da ciki a kan siminti, zufa na ɗiga daga haɓata, ina juya ido kamar mai neman tashar rediyo a gajeren zango. Ya kama, in ɗaure noti, ya kauce. Da azahar dai koriya ta tsaya cak. Na tara mutanen gida kaf, na danna rimot, ƙofa ta sauko lafiya lau. Kafin ta taɓa ƙasa na riga na aika hoto zauren WhatsApp na 'yan'uwa, na rubuta: "Aikin hannuna."

Bayan la'asar muka fito za mu kasuwa. Na danna rimot, ƙofa ta ɗan sauko, ta yi shawara, ta koma sama, kwan fitilar injin ya ƙifta sau 10 kamar mai yi mini gwalo. Na sake dannawa, haka. Da dare ta rufu salin alin. Da safe ma haka. Bayan la'asar ta sake ƙi.

Kwana uku muna wannan wasa. Na goge idanun, na share yanar gizo-gizo, na canja batirin rimot, har ƙofar na yi wa magana da harsuna biyu. Na gano cewa idan aka danne maɓallin bango ba a saki ba tana rufuwa, wato sai wani ya zauna a ciki. Uwargida ta ce ita ba a ɗauko ta aikin gadi ba. Hajiya kuwa ta sassauta murya ta ce, "Ƙofar da ke lafiya da safe ta rikice in almuru ya gabato, anya wurin nan babu masu shi?" Na yi dariya na ce, "Haba Hajiya, a Amurka?" Amma daren nan sai da na yi bismilla uku kafin na shiga ɗauko abu a mota.

A rana ta huɗu shaiɗan ya kawo mini shawara ta intanet. Na cire idanun biyu, na haɗa su fuska da fuska, na naɗe da salatif, na rataye su can sama kusa da inji. Tunda suna ganin juna, ai magana ta ƙare. Ƙofa ta koma rufuwa kowane lokaci, ni kuma na koma tafiyar ƙasaita.

Washegari Hajiya ta yi alwala ta ajiye butarta a bakin gareji, butar roba mai zanen kore da rawaya da ta taso da ita tun daga gida. Ban lura ba na danna rimot. Sai muka ji ƙara, ruwa ya yi tsartuwa har jikin mota. Ƙofar ta ji ta taka abu ta koma sama, amma bayan ta gama aikinta. Buta ta zama faifai.

Uwargida ba ta yi faɗa ba. Ta dubi butar, ta dubi autanmu da ke rarrafe a bayanta, ta ce, "Baban Ummi, kan yaron nan ya fi butar ƙwari ne?"

Ban ce uffan ba. Na ɗauko tsani na sauko da idanun, na mayar da su mazauninsu.

La'asar ta yi, ƙofa ta koma halinta. Ina tsugune ina zabga tagumi, Hajiya ta zo ta tsaya daga waje, inuwarta ta faɗa kan ido mai karɓa. Koriya ta tsaya cak. Ta matsa, koriya ta fara rawa. Ta dawo, ta sake tsayawa. Sai ta ce, "Kai, ba ido ka ce sunan abin nan ba? To in aka dalla maka tocila a fuska kana gani? Rana ce ta cika masa ido."

Garejinmu yamma yake kallo. Rana in ta karkata sai ta shigo a kaikaice ta faɗa cikin idon, kuma a cikin haskenta akwai irin hasken da yake jira daga ɗan'uwansa, sai ya ruɗe. Ummi ta ruga banɗaki ta ɗauko kwalin tsakiyar tishu, Hajiya ta ce a zura masa kamar hular hana sallah. Na danna rimot. Ƙofa ta sauko har ƙasa, ko tari ba ta yi ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsanin gareji ba zai hango ba.

Daga baya na musanya musu wuri, mai karɓa ya ba rana baya. Yanzu duk wata nakan sa kwali a hanyar hasken in ga ko za ta fasa sauka, in kuma kwantar da katako mai kaurin inci ɗaya da rabi a ƙasa in ga ko za ta koma in ta taɓa shi. A takardar 'yan koyo na karanta wannan, da daddare, bayan kowa ya yi barci.

Da na haɗa lissafi, kuɗin idanu, sabuwar waya, man mota zuwa kanti sau huɗu, da butar da sai a shagon kayan Afirka na samo a farashin da ba zan faɗa ba, ban tsira da abin kirki daga dala 120 ɗin ba. Hajiya kuma ta buga wa dangi waya ɗaya bayan ɗaya ta ba su labari, yanzu a zauren 'yan'uwa ita ake kira injiniya.

Mai karatu, idan ƙofarka ta ƙi rufuwa, goge mata ido, duba saiti, bi waya, ka kuma lura da inda rana take. In ya gagara, kira mai gyara ka biya. Amma kada ka kuskura ka cire mata idanu. Ana sayar da buta a kanti, ba a sayar da ɗa.