Digiri a Gidan Maza

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. "Ɗana ya share wata takwas a gida a 2022 saboda yajin aikin ASUU, shi kuwa wanda ya haura katanga ya kwashe mini awaki ana ba shi gabza kyauta, yanzu kuma har da digiri?" Ran Alhaji ya daɗe, a sha ruwa tukuna. Ba kujerar ɗanku aka ba shi ba.

Jami'ar NOUN, ta karatu daga nesa, ita ce ta buɗe cibiyoyi a gidajen yari irin su Kirikiri a Legas da Kuje kusa da Abuja, kuma ta yafe wa fursuna kuɗin makaranta. Jarrabawar dai ita ce ta kowa. Babu malamin da zai ƙara maka maki don ya ga gandiroba tsaye a kanka.

Tarihin jami'ar ma abin dariya ne. Shagari ya kafa ta a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, wanda ya farfaɗo da ita kuwa Obasanjo ne, mutumin da ya ɗanɗani gidan yarin Yola a zamanin Abacha. Daga baya ya koma cikinta ɗalibi har ya fito da digirin dakta. Mandela ma yana tsare ya kammala digirin lauya a 1989. Ko shi ma za ku ce asarar takarda aka yi?

Sai ku ce, "Ai waɗannan manya ne, mu ɓarayin unguwa muke nufi." To, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, alƙali bai ce sun yi laifin komai ba. Wanda aka yanke wa hukuncin ma, ranar fitowarsa na nan tafe, kuma layinku zai dawo. A Amurka, binciken cibiyar RAND na 2013 ya nuna yiwuwar komawa kurkuku ta ragu da kashi 43 cikin ɗari ga waɗanda suka yi karatu a ciki.

In ba a koya wa fursuna lissafin kuɗi a aji ba, akwai tsofaffin hannu a ɗakin da yake kwana, masu koyar da buɗe kwaɗo ba tare da makulli ba, su ma ba sa karɓar ko sisi. Awaki nawa suka rage a garken, Alhaji?