Masu Zuwa Awon Keke

Wanda ya sayi sabon keken tsere ba hawa zai yi kawai ya kama hanya ba. Sai ya kai keken, ya kai kansa, wurin mai awo. A kafe keken wuri guda, a manna wa mutum 'yan fitilu a kafaɗa, ƙugu, gwiwa da idon sawu, ya yi ta murza feda yana gumi, kyamara na bin sa. Irin na'urar kamfanin Retül ke nan, wanda kamfanin kekuna na Specialized ya saya a 2012. Aikin awa biyu ne ko uku, kamar na tela, sai dai a nan an riga an ɗinka rigar, mai ita kuma ya zo da nasa ra'ayi.

Akwai mai hoton zakara a waya. Ya ba hamsin baya, tumbi ya fito, in ya sunkuya da ƙyar yatsunsa ke wuce gwiwa, amma so yake a sauke masa kan keke can ƙasa irin na Tadej Pogačar. Mai awo ya ce a ɗan ɗaga kan saboda bayansa, sai ya haɗe rai, wai keken zai yi muni a hoto. Ya ji an ce Pogačar ya koma gajeren ƙarfen feda mai milimita 165, shi ma shi yake so. Ƙafafun Pogačar ɗin ne dai ba a sayarwa a shago.

Malamin lissafi shi tun daga gida ya gama. Ya jingina da bango, ya matse littafi tsakanin cinyoyi, ya auna zuwa ƙasa, ya ninka da 0.883 don ya sami tsayin sirdi, dabarar da ake danganta wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci Tour de France sau uku. Lissafin ba laifi a matsayin mafari, amma bai san kaurin takalminka ba, bai san ko ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya ba. Shi ya sa masu awo suka fi kallon gwiwa: in feda ta kai ƙasa, lanƙwasarta ta tsaya tsakanin digiri 25 da 35. Malam zai biya kuɗin awo cif, ya ƙarar da rabin lokacin yana gardama a kan milimita biyu.

Ni wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai "lafiya lau". A tambaye shi ina ke ciwo, ya ce babu komai, alhali ga ƙugunsa a allo yana rangaji hagu da dama, alamar sirdi ya yi sama. Da zai buɗe baki, da an huta: ciwon gaban gwiwa galibi sirdi ne ya yi ƙasa, na bayanta kuwa ya yi tsawo. Sai ana shirin tashi zai ce, "Af, dama yatsuna biyu sukan mutu in na daɗe a kai." Wanda ke mutuwa a wurin zama kuwa, ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Dole mai awo ya zaunar da shi a kan soso, ya auna tazarar ƙasusuwan zamansa, ya canja masa sirdi ba tare da an haɗa ido ba.

Wani kuma keken da ya fi ƙarfinsa ya saya don an yi rangwame. Araha ba ta ado. Sirdi na matsawa, wuyan keke na canjuwa, gangar jiki ba ta yankuwa.

Sai mai sifana a aljihu. Hujjarsa zakaran tseren keke Eddy Merckx, wanda bayan haɗarin da ya yi a Blois a 1969 ya shahara da taɓa sirdinsa har ana cikin tsere. To shi Merckx ciwon baya ne ya sa shi, wannan kuwa ƙaiƙayin hannu ne. Bayan mako biyu zai dawo yana ɗingishi, yana rantsuwa bai taɓa komai ba. Mai awo ya ɗauko tef, ya duba takardar rannan, ya ce, "Yallaɓai, sirdin nan ya tashi da santimita guda." Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce ƙila yara ne.