Daga Abuja Zuwa Jidda: Masu Musun Gitata, Ku Matso

Wai ku mutanen Gitata, me lissafi ya tare muku ne? An ce tsakanin filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe na Abuja da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kimanin kilomita 3,700 ne, jirgi kuma yana cinye su cikin awa biyar, sai kuka yi caa, wai zuƙi ta malle ce. Hujjarku? Alhajin unguwarku ya tashi goma na safe, ya sauka biyar na yamma. Awa bakwai ke nan, in ji ku, har da tafawa.

To, shehunan teburin mai shayi, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Alhaji ya ɗaga kai ya karanta agogon bangon Jidda, ku kuma kuka ɗora wa matuƙi bashin da bai ci ba. Jirgin jigila yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa. Ku aro biro ku raba, ku ƙara ɗan lokacin hawa da na sauka.

Na san mai taurin kan cikinku zai ce ai ƙaninsa ya sauke farali a 2023, kuma ya daɗe a sama fiye da haka. Wannan kam ya faɗi gaskiya, ko da yake tuntuɓe ya yi da ita. Miƙaƙƙiyar hanya ta kan Chadi da Sudan take bi, ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, mai ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Jidda dai ko taku ɗaya ba ta matsa ba.

Ta Sudan ɗin nan kakanni suka bi da ƙafa da jaki, ta Fasher har Suwakin a bakin teku, suna tafe suna yada zango su yi noma su tara guzuri. Shekaru ake yi. Wasu ma ba su dawo ba, jikokinsu suna can Sudan a garin Mai Wurno. Amma ku awa biyar a kujera mai laushi, ana miƙo muku shinkafa da kaza, ita kuke wa ƙorafi!

Ni na san inda gajiyarku take. Ku fito Gitata ku faɗa Keffi, ku wuce Masaka, ku maƙale a cunkoson Mararaba da Nyanya ranar Litinin da safe, ana cusa muku ruwan leda ta taga, kafin ku ga Lugbe a hanyar filin jirgi kun jigata. Wannan kuma ba laifin jirgi ba ne.

Da kun ji na Singafo zuwa New York, kilomita sama da 15,000, awa 18 ba sauka, da sai an yayyafa muku ruwa.

Wanda bai gamsu ba, hukumar alhazai tana nan a garin Lafiya. Ya je ya biya kuɗin kujera, ya auno mana da kansa.