Yadda za ka rubuta Ingilishi ba tare da ka koma CM2 ba

Makon jiya na rubuta takardar neman aiki da Ingilishi, don an ce wata ƙungiyar agaji na ɗaukar ma'aikata a Dogon Dutsi. Ɗan ƙanwata da ya yi karatu a Sakkwato ya duba, ya ce, "Kawu, a layin farko ka yi aure, a na biyu ana haihuwarka yanzu haka, a na uku kuma sai baɗi za ka gama CM2." Ga abin da na koya, kyauta.

Shawara ta 1: zaɓi lokaci ɗaya ka kafe a kansa kamar jakin da ya ƙi tafiya. In da jiya ka fara, zauna a jiya har ka sa hannu.

Ta 2: kada ka amince da "-ed". An ce ka liƙa shi a wutsiya, aiki ya zama na jiya. Sai ga go ya rikiɗe ya zama went. Ina go, ina went? Ashe aro aka yi daga wani fi'ili daban, ba a mayar ba har yau. Shi kuwa put ko gezau, jiya da yau fuska ɗaya. Read a takarda bai sake ba, sai ka buɗe baki ya tona maka asiri. Mu nan Dogon Kiriya muna cewa "jiya na je", "gobe in na je", na je ɗin guda ne, kuma ban taɓa jin wanda ya ɓata ranar kasuwa saboda haka ba. Ga shi tun a lakwal mushe ya gama da mu a kan passé simple, wanda Bafaranshe ma ba ya cefane da shi. Da aka ce a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar har guɗa aka yi a gidana, kafin in ji cewa Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Aikin da nake nema ke nan!

Ta 4, ko ta 3 ce? Present perfect: abu ya wuce amma bai wuce ba, kamar bashin hatsi. Ka haɗa shi da yesterday, haramun. A nan ba ni da shawara, Allah ya isa.

An rufe karɓar takardu ranar Juma'a, tawa tana ƙarƙashin tabarma. Wanda ya ga yaron nan, ya ce masa ya maido mini birona.