Lema Biyu da Tiren Mandi

Ɗan ƙanwata ne ya ja min. Yana karatu a Sharja, kuma duk lokacin da na shiga Dubai saro kaya shi yake raka ni lungunan Dera, ya yi min tafinta in Turancina na kasuwa ya ƙare. Wata rana muna shan shayi a gefen kasuwar Naif sai ya nuna min bidiyo a wayarsa: mutane suna faɗowa daga jirgin sama da gangan, har suna dariya. Ya ce yariman Dubai ma, Shaikh Hamdan, gwani ne a harkar. Da na yi shiru da an wuce wurin. To amma akwai 'yan kasuwar Kwari biyu a teburin, sai kawai na ji bakina yana cewa ai wannan ba wani abu ba ne a wurin wanda ya taso yana tsere a kan Dutsen Dala. Ɗayansu ya ajiye kofi ya ce, "Alhaji, in ka yi, rabin kuɗin a wuyana." Baki shi ke yanka wuya. Kafin shayin ya huce yaron ya yi min rajista ta intanet.

Wuri biyu ake yi a garin: ko a saman tsibirin nan da aka gina cikin teku da siffar dabino, ko can cikin hamada a hanyar Al Ain. Na zaɓi hamada. Ta fi araha, kuma ga wanda bai iya iyo ba yashi ya fi ruwa mutunci.

Cikas na farko sikeli ne. Namiji kada ya haura kilo 100, da tufafinsa da takalminsa, domin lemar da ɗamarar an ƙera su ne da iyakar nauyin da za su ɗauka, ga shi mutum biyu za su rataya a jiki. Na je wurin masu kago inda ake auna dilolinmu, na faki ido na hau. Allura ta tsaya a 103. Mai hankali zai gane Allah ne ya buɗe masa ƙofar fita da mutuncinsa. Ni kuwa sai na tuna fuskar mutumin Kwari. Na koma dabino da ruwa, na daina shiga tasi, na riƙa zaga Dera da ƙafa har masu shaguna suka fara tambayata ko kaya sun maƙale a kwastan ne.

Ranar da aka sa mana na ci ado: shadda sabuwa, hula zanna, takalmi sau-ciki. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta dube ni sama da ƙasa ta ce babu ko ɗaya da zai hau jirgi. Aka sa ni cikin 'yar riga mai gajeren hannu da wandon motsa jiki da takalmi mai igiya, duk na yaron, duk sun matse ni. Na hau sikeli, ya nuna 99.6. Na yi hamdala da ƙarfi, sannan na lura abin da nake gode wa Allah a kai shi ne rasa uzurina na ƙarshe. Sai takardu. Shafi bayan shafi, kowane sakin layi yana maimaita cewa za ka iya karyewa, za ka iya mutuwa, kuma kai ka kawo kanka. Na sha sa hannu a banki da tashar jiragen ruwa, amma ban taɓa sa hannu a takardar da ta ambaci magadana ba sai ranar.

Filin diro wata duniya ce. Katafariyar rumfa ce shimfiɗe da darduma, mutane a durƙushe suna naɗe lema, suna danne iskar cikinta da ƙirji da gwiwa har ta shige jaka. Wasu sun kwanta rubda-ciki a kan katako mai taya suna zagaya juna, wai suna bitar yadda za su riƙe hannu a sama. Turawa, Larabawa, 'yan Indiya, 'yan Barazil, kowa ya ɗan yi magana sai ya leƙa waje ya dubi wata doguwar jakar ƙyalle da ke kan sanda tana nuna inda iska ta dosa. Na lura rabin rayuwar wurin jira ne da duban sama.

Wanda zai sauko da ni wani siririn Bature ne ɗan Afirka ta Kudu. Tsarin goyo ne sak, sai dai an juya shi: jaririn a gaba, uwar a baya, zanen goyon kuma ƙugiya huɗu ne na ƙarfe, biyu a kafaɗa biyu a ƙugu. Ya ce a ƙa'idar Amurka sai mutum ya diro sau 500 kafin a yarda ya goyi wani, shi kuwa ya daɗe da shiga dubbai. Ya kwantar da jakar ya nuna min cikinta. Lema biyu ce, babba da ta ajiya. Ta ajiyar ba kowa ke naɗe ta ba sai mai lasisi, kuma ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba, duk wata shida sai an warware ta an duba an sake naɗewa an buga hatimi. A kowace kafaɗa akwai zobe uku da suka shiga cikin juna, in babbar lema ta cukurkuɗe da jan hannu ɗaya za a rabu da ita. Wani Ba'amurke mai dogon gemu, Bill Booth, shi ya ƙirƙiro zoben a shekarun 1970, kuma shi da Ted Strong ne, kowa a nasa ɓangaren, suka soma wannan diro na goyo a 1983.

Na ce wa yaron, "Tambaye shi, in shi ya suma fa?"

"Haba Kawu!"

"Ka tambaye shi na ce."

Baturen bai ji haushi ba, da alama ya saba. Ya ɗaga wani murfi ya nuna min ɗan ƙaramin allo mai lamba. Ya ce kwamfuta ce mai suna CYPRES, wani Bajamushe Helmut Cloth ya ƙera ta bayan abokinsa ya mutu a diro, ta shiga kasuwa a 1991. Tana auna nisa da gudu ta hanyar matsin iska. In muka iso mita 580 da ƙasa muna zubowa da gudu babu lema a buɗe, da kanta za ta datse igiyar da ta riƙe ta ajiyar. Wato ko mu biyun mun sheme, akwai Bajamushe a cikin jaka wanda ba ya barci. Wannan ya kwantar min da hankali fiye da duk murmushin ma'aikatan wurin.

Aikina uku ne kacal. In mun fita ƙofa in banƙare, ƙugu gaba, kai baya, ƙafafu a lanƙwashe tsakanin nasa. In riƙe ɗamarata har sai ya taɓa kafaɗata. In za mu sauka in ɗaga ƙafafu sama. Ya nanata na ukun, ya ce Leslie Irvin, wanda a 1919 ya diro daga jirgi ya ja igiyar lemarsa da hannunsa ya shiga tarihi, lafiya lau ya ratso sama, da ya taɓa ƙasa ne ya karya idon sawu. Aka kwantar da ni a darduma in gwada banƙarewa. Ya ce na iya sosai. Ban gaya masa tumbin ne ya yi rabin aikin ba.

Muna gamawa aka yi sanarwa: iska ta yi ƙarfi, an dakatar da tashi. Ƙila zuwa la'asar, ƙila sai gobe. Tsofaffin hannu suka miƙe ƙafa suka ɗauko karta. Ni kuma cikina, wanda ya yi kwanaki yana haƙuri, ya tuna min cewa an riga an auna mu an rubuta a takarda. Na sa yaron ya tuƙa mu zuwa wani gidan abincin 'yan Yaman a bakin hanya. Aka kawo tiren mandi, shinkafa ta sha mai, kafaɗar rago a kwance a kai tana zamewa daga ƙashi.

"Kawu, sun ce fa a ci kaɗan."

"Kai, yaro, sikeli ya wuce. Miƙo min nonon nan."

Ina suɗe yatsu wayarsa ta yi ƙara. Iska ta kwanta, muna cikin jirgi na gaba.

Da Baturen ya zo ɗaure min ɗamara sai ya tarar madaurin da ya daidaita da safe ya ƙi kaiwa. Ya dubi madauri, ya dube ni, ya sassauta, bai ce komai ba. Jirgin Twin Otter ne mai farfela biyu, ba kujeru irin na fasinja, kowa ya zauna a tsakanin ƙafafun na bayansa. Hawan ya ɗauki kamar kwata na awa. Zafin hamada ya gushe, sanyi ya shigo, don duk kilomita ɗaya da ka hau zafi na raguwa da digiri shida da rabi. Agogon da ke hannun mai goyona ba lokaci yake nunawa ba, nisa da ƙasa yake ƙirgawa, ina kallo allurar ta kai ƙafa 13,000, wajen mita 4,000. Mutane suka fara wata gaisuwa, a goga tafi a haɗa dunƙule. Wani ya miƙo min nasa na kama da hannu biyu na ƙi saki.

Aka ɗaga ƙofa. Iska ta cika jirgin da ruri. Mutumin da muke hira da shi yanzun nan ya leƙa, sai babu shi. Na bayansa ma haka. Muka ja gindi har bakin ƙofa, ƙafafuna suna reto a kan babu. Na waiwaya na ce, "Malam, na fasa!" Da Hausa na faɗa, don Turancin ya riga ni dirowa. Ya ɗaga min babban yatsa, ya tura.

Abin mamaki, ba ka jin kana faɗuwa. Ji za ka yi wata iska mai ƙarfi ta tokare ka daga ƙasa. Daƙiƙu kaɗan da fita ya jefa wata 'yar ƙaramar lema da ke rage wa mutum biyu gudu zuwa na mutum ɗaya, wajen kilomita 200 a awa. Ya taɓa kafaɗata, ban saki ɗamara ba. Ya sake taɓawa, sannan ya ɓamɓare hannuwana da kansa. Mai ɗaukar hoto ya taso gabana a kwance cikin iska yana nuna min in yi murmushi, alhali kumatuna sun koma wajen kunnuwa suna kaɗawa. Na kama addu'a. Sai da na yi nisa na gane wadda harshena ya fi sabawa da ita ce ta zo, addu'ar shiga kasuwa.

Bayan kamar minti ɗaya, a wajen mita 1,500, aka fizge mu sama. Ɗamarar cinya ta ba ni labarin da ba zan rubuta a mujalla ba. Sai tsit. Ga tuddan yashi jajaye har iyakar gani, ga titi miƙe, ga garken raƙuma ƙanana a ƙasa. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, har na fara shirya yadda zan ba da labarin. Lemar mai kusurwa huɗu ce, iska na shiga ta gaba ta cika ta ta zama fiffike, ana tuƙa ta da igiya biyu. Ya miƙo min su, ya yi wata tambaya. Ban gane ba, amma a kasuwa in ban gane Turanci ba cewa nake yes. Ashe tambaya yake ko ina son juyi. Ya kama hannuna na dama ya ja har ƙugu. Lema ta sunkuya, ƙasa ta koma gefe, muka shiga wulwulawa. Nan ragon ya farka.

Ya gaya min tun a ƙasa cewa in zuciya ta tashi in sunkuyar da kai ƙarƙashin hammata. Babu wanda ke tuna irin wannan a kan lokaci. Lema kuma gaba take tafiya, saboda haka duk abin da ya fito daga bakin na gaba, na baya ne magajinsa. Masu ƙera kayan nan sun yi tanadin igiya ta harɗe, sun yi tanadin mutum ya suma, amma ba su yi tanadin kafaɗar rago da nono kofi biyu ba. Na ji ya furta wata kalma da yarensu wadda ban nemi fassararta ba.

Ƙasa ta matso. Ya yi ihu in ɗaga ƙafa. Na ɗaga, ba su ɗagu ba. Na cafki wandon yaron ta gwiwa na ja da iyakar ƙarfina, na ji ɗinki ya ce ɓarrr. Ya ja igiyoyin biyu tare, lema ta yi burki, muka zame a kan mazaunai. Faɗuwa ta zo daidai da zama, na kuwa ci gaba da zamana, don tashi da wandon nan sai an shirya. Mai hoto ya durƙuso da kyamara yana tambaya yaya na ji.

Na ba Baturen haƙuri, na ce wannan ne karo na farko da irin haka ta same ni. Rumfar ta kaure da shewa. Ashe al'adar masu diro ce a duk duniya, duk wanda ya yi abu karo na farko shi zai sayi abin sha na jama'a. A wasu ƙasashe giya ce. Na ce ni Alhaji ne, aka daidaita a kan lemo da shayin karak. Yaron, Allah ya shirye shi, ya tsaya yana lissafa musu: diro na farko, juyi na farko, amai na farko, wando na farko. Baturen ya fito da wata rigar daga akwatinsa, ya ce don irin wannan ranar yake ajiye ta, sannan ya tambaya ko zan shiga ajin koyon diro ni kaɗai, wai diro 25 kawai ake nema a ba mutum lasisin farko.

Mutumin Kwari ya cika alkawari, ya biya rabi, amma ya ce tunda da kuɗinsa a ciki yana da haƙƙi a bidiyon. Kafin magariba uwargida ta kira daga Kano. "Alhaji, kuɗin canjin kujerun da ka ce babu, ashe na faɗowa ne?"

A jirgin dawowa, mun bar Dubai mun doshi Addis Ababa, allon gabana ya nuna mun haura ƙafa 35,000, kusan ninki uku na inda na diro. Na laluba ƙarƙashin kujera na ji rigar iyo kawai. Na kira ma'aikaciyar jirgin na tambaye ta inda suke ajiye lemomi. Ta ce jirgin fasinja ba ya ɗaukar lema. Ko ɗaya? Ko ɗaya. Ba babba, ba ta ajiya, ba Bajamushe, sai ɗan siririn bel a ƙugu. Na ƙara tamke shi. Da aka zo rabon abinci ta ce kaza ko rago, duka da shinkafa. Na ce ta ba ni ruwa.